Bangon Baffa Habu

Kwanan baya ina zaune a ƙofar gida ina ɓarar gyaɗar iri, sai ga ɗana Isufu ya tsayar da moto, wato babur, ya sauke wani baƙo mai ƙaramar riga da igiyar awo a aljihu. Wai dillalin gidaje ne daga Magarya. Na ce, "To, ni za ka sayar ko gidan?" Ya ce, "Haba Baba, so nake kawai a gaya mana darajarsa in an ƙara masa ɗaki." Tun da motocin kasuwa suka fara bi ta bakin unguwarmu, kowa ya zama mai awo. Wannan yana fasa katanga yana fitar da butikin sayar da kaya, wancan yana jera bulo, da safe ƙarar shebur da siminti ke tada mutum, ba zakara ba. Na ce su shiga, ni ma ina son in ji nawa na kai.

Dillalin nan ya riƙa bin ɗakuna yana bubbuga bango kamar mahauci na taɓa gadon bayan rago. Wannan na bulo ne, yana da daraja. Wannan na ƙasa ne amma an sa masa tol, wato kwanon rufi, ba laifi. Har ya iso wani ɗan ɗaki da ke tsakiyar gidan, gajere, mai ƙofar itace, wanda ɗakuna suka kewaye kamar ɗan tsako a cikin kaji. Ya leƙa, ya ga tabarma a naɗe da tsohuwar hauya a rataye da gidajen zanzaro a kusurwa. Ya ce, "Wa ke kwana nan?" Na ce babu. "Ajiya ake yi?" Na ce ba a yi. Sai ya kaɗa hannu ya ce, "To wannan ba ya cikin lissafi. A rushe shi a yi salo na tarbar baƙi, a zuba kujeru, nan da nan gidan zai ɗaga." Isufu ya dube ni yana murmushi, na gane abin da aka kawo baƙo ya faɗa ke nan.

Ni kuwa maganar ta mayar da ni can baya, lokacin da gida ba a auna shi da igiya. A zamaninmu gida yaɗo yake yi kamar kabewa, inda ya ga fili nan yake miƙa hannu. Kuma ɗaki labari ne. In ka ga jakuna na shiga wani gida da mangalar ƙasa, ba sai ka tambaya ba: ko saurayi zai yi aure, ko wata ɗiya ta dawo gidan ubanta, ko tsohuwa ta gaji da hayaniyar jikoki tana son wutarta ita kaɗai. Mata a bakin rijiya sun san wanne ne kafin a kwaɓa ƙasar. Na yi yawo daidai gwargwado, na bi kamiyon ɗaukar kaya har Agadas, na kwana a Kwatano, na zauna a Legas inda mutum ke haya rabin ɗaki ana raba shi da labule, na ga gidaje masu hawa da masu su ba su san sunan wanda ke kwana a ƙasansu ba. Ko'ina ina kallon yadda ake ƙara ɗaki, don abin yana ba ni sha'awa. Amma ban ga inda ɗaki ke da wahalar samu kamar namu na yankin Dungas ba, don ƙasarmu rairayi ce. Ka damƙe ta a hannu, ka buɗe, ta zube tana maka dariya. Gero na son ta, gyaɗa na son ta, gini ne ba ya so. Ƙasar gini sai an je bakin tabki can nesa an haƙo, jaki ya ɗauko. Shi ya sa yawancin ɗakunanmu na kara ne da jinka, wanda ya yi shigifa, wato ɗakin ƙasa mai kusurwa huɗu da rufin azara, to ya zama abin nuni. Tsofaffi kan ce ƙasar tsohon bango ta fi sabuwa, don ta riga ta sha kwaɓi ta san aikinta. In ɗaki ya faɗi ba a zubar da ko dunƙule, a jiƙa a sake takawa, ɗakin kaka ya zama na amarya.

Har yanzu in na rufe ido ina jin ƙarar ranar kwaɓi. Ƙafafun samari cikin laka, caɓal caɓal, mata na sauke tuluna suna tsokanar wanda ya zame, wani na watsa ciyawa da kashin jaki, magini na can sama yana cewa a jefo, ana jefa masa tubali ɗaya bayan ɗaya yana cafkewa ba ya ko duba. Da rana ta take a kawo fura a babbar ƙwarya, ludayi na zagayawa. Ba a biyan kowa, gayya ce, ranar naka ginin su ma za su zo. Yanzu yaro ɗaya da injin bulo ya gama abin da unguwa ke yi, ban ce bai fi sauri ba, sai dai ba a tsokanar kowa.

Ɗan ɗakin nan da dillali ya cire daga lissafi shi ne shigifar farko a gidanmu, kuma Baffa Habu ya gina ta, wan mahaifina. Ban taɓa ganinsa ba. Tun kafin a haife ni ya ɗauki sanda da buta ya bi ayarin masu tafiya Makka a ƙasa, ya ce wa ƙanensa, wato Babana, "Ka kula mini da ɗaki." Shi ke nan. Wasu suka ce an gan shi a Sudan yana noman auduga, wasu suka ce ya haye teku, wasu ba su ce komai ba. Babana kuwa ya riƙe kalmar nan kamar jiya aka faɗa. Duk bazara, kafin ya taɓa nasa ɗakin, sai ya yi wa na Baffa Habu yaɓe, musamman bangon gabas, don ruwanmu daga gabas yake zuwa da iska, bangon nan shi ke shan duka. Muna yara mun ɗauka aljani ke ciki. Da muka girma muka gane babu ko aljanin, sai muka fi mamaki. Gida cike da mutane, wasu na kwana a zaure, ga ɗaki mafi kyau a rufe yana jiran mutumin da ko muryarsa an fara mantawa. Na taɓa tambayar Inna, mahaifiyata, ta ce, "Tambayi ubanka." Ta san ba zan iya ba.

To sai aure ya zo mini. Mariama ce, wadda ke cikin gida yanzu tana jin duk abin da nake faɗa. Iyayenta suka ce sun ba ni, amma 'yarsu ba za ta tare a ɗakin kara ba, kuma a yi biki kafin ruwa ya sauka, in ba haka ba sai bayan kaka. Bayan kaka kuwa magana ce mai tsawo, don akwai wani ɗan garin Waca mai rediyo da yake yawan ɓatan hanya yana biyowa ta ƙofar gidansu. Ni ba ni da rediyo, jaki gare ni, shi ma aro. Na kama jigilar ƙasa daga tabki, abokaina suka taya ni, har jakin ya fara ɗingishi ya kwanta ya ƙi tashi. Magini ya zo ya zagaya tarin ƙasar, ya tura ƙafa ciki, ya ce, "Wannan bango uku ne. Na huɗun sai ka rataya zani." Ga zafi ya kai, da yamma gabas ta fara yin duhu tana wasa da hankalina.

Abokaina suka ce, kai ma da neman wahala, ga ƙasa mafi kyau a garin nan tsaye a tsakar gidanku ba ta aikin komai. A rushe ɗakin Habu, ka sami bango huɗu har da ragowar akurki. Maganar ta shige ni, ba zan ɓoye ba, don mai son aure kunnensa a buɗe yake. A lokacin ɗa ba ya tarar ubansa da irin wannan kai tsaye, sai na bi ta wurin Inna. Ta kai masa tuwo, ta zauna, ta ɗauko zancen daga nesa. Ina bayan zana ina saurare. Baba ya wanke hannu, ya tashi, ya ɗebi ƙasa daga tarin nawa cikin kwano, ya jiƙa, ya je ya kama yaɓe bangon gabas na ɗakin wansa, bangon da ya riga ya yaɓe tun farkon bazara. Ƙasata ta ragu da kwano guda, amsa kuma na samu.

Washegari magini ya dawo, ya tsaya yana kallon sabon yaɓen, ya ce, "Ai ba sai an rushe ba. A jingina. Ku yi bango uku a gabas da shi, na Habu ya zama na huɗu, a huda shi a zura kawunan azara. Yaro ya sami ɗaki, bangon Habu ya huta da dukan ruwa." Na ji kamar in goya magini. Muka dubi Baba. Ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce, "Maganarka da kyau. Amma ba a huda bangon mutum sai an tambaye shi. Bangon ba nawa ba ne, ajiya aka ba ni." Kuma gaskiyarsa, haka al'ada take, ko maƙwabcinka ne ba ka ɗora azara a bangonsa sai ya ce ɗora. Magini ya ce, "To a ina za a tambayo shi?" Baba ya ce, "In ya zo." Magini ya saɓa gatarinsa, ya ce mini a hankali, "Ka fara neman rediyo."

Inna ce ta san inda maganin yake. Ba ta gaya wa kowa ba ta aika garin Kwaya aka ɗauko Gwaggo Tsahara, babbar yayarsu Baba, su biyun duka. Ta iso da hantsi a kan amalanken jaki, ta tanƙware kamar lauje, goro a kunci. Babana, mai gemu fari-fari da ake tashi in ya shigo masallaci, ya fito da sauri ya durƙusa. Ta ce, "Auta, an ce ka hana yaro aure." Ranar na fara jin an kira shi da wannan suna, na juya baya kada a ga bakina.

Ya ce, "Yaya, ban hana ba. Bangon Yaya Habu ne, ba ni da ikon ba da shi."

Ta ce, "Ka kyauta. Kai ba ka da iko. Kawo mini tabarma nan gindinsa."

Ta zauna ta jingina da bangon gabas ɗin, ta ɗan bubbuga shi da bayan hannu, ta ce, "Wa ya ɗebo ruwan da aka kwaɓa ƙasar nan?"

Baba ya ce, "Ke ce, Yaya."

"Kana ina lokacin?"

"Ina kiwon awaki."

"Kana bin awaki dai, kiwon sai Allah. To bayan nan nawa da ka gani ya lanƙwashe, shi ya goya Habu, shi ya goya ka. Bayan da ya ɗauki mutum biyu ba zai kasa ba da bango ɗaya ba. Na ba da. In Habu ya zo yana faɗa, ka turo shi Kwaya, na san inda nake murɗe masa kunne."

Baba ya sunkuyar da kai, kafaɗarsa na motsi, ban sani ba ko dariya ce ko wani abu. Sai ta juyo kaina. "Kai kuma mai gaggawa, ba kyauta ba ce. Wanda ya jingina da bango shi ke da yaɓe. Daga bana rufin ɗakin nan da indararonsa a wuyanka suke, ubanka ya tsufa da hawan tsani." Na ce na ɗauka. Da za ta tafi na raka ta bakin amalanke, na yi ƙarfin hali na ce, "Gwaggo, ke kina ganin yana raye?" Ta tofar da goro ta ce, "Ni na daɗe ina yi masa addu'ar waɗanda suka riga mu. Ubanka yana yi masa yaɓe. Duk wadda ta same shi a ciki, ta ishe shi. Kada ka hana kowa tasa."

Ranar huda bango Baba bai bar magini ya taɓa ba. Shi ya hau da kansa, ya yi bisimilla, na ji ya ce ƙasa-ƙasa, "Yaya, a yi haƙuri, yaronka ne." Da ya fara sara sai yaɓen ya riƙa ɓarewa falle-falle kamar albasa, wani ja, wani fari, wani toka-toka, gwargwadon inda aka samo ƙasar kowace shekara. Na tsaya ina kallo baki buɗe, duk bazarar da ya yi yana jira ga ta nan a jere, har aka kai ga ainihin ginin Baffa Habu, mai tauri kamar dutse. Aka zura azara, aka rufe, aka daɓe. Mata suka yi jere, amarya ta tare, ba a daɗe ba ruwan farko ya sauko da iskarsa daga gabas. Da aka ɗauke Baba ya zagayo ya shafa bangona da ya jiƙe sharkaf, ya shiga ɗakin wansa ya shafa nasa ta ciki, a bushe. Ya fito, ranar kuwa ya ci tuwo har da neman ƙari. Ɗan Waca kuwa na ji ya sayar da rediyon.

Abin da har yau nake juyawa a raina shi ne abin da ya biyo baya. Da ƙanena Laminu ya tashi aure, shi ma ƙasa ta gaza masa, kafin ya buɗe baki Baba ya nuna masa kudu da ɗakin ya ce hukuncin Yaya bai ƙare ba. Da na bayansa ya tashi, aka nuna masa arewa, alhali ga fili fetal a bayan rumbuna. Kafin Baba ya rasu ɗakin Baffa Habu ya shige tsakiya, gabas ni, kudu Laminu, arewa ƙaraminmu, yamma kawai aka bari inda ƙofa take. Ruwa ba ya taɓa bangonsa ta ko'ina, kuma kawunan azarar ɗakuna uku na cikin jikinsa. Shin tun ranar da magini ya yi magana Baba ya hango haka, ya ga hanyar da ba mai iya rushe ɗakin bayan ransa? Ko kuwa ƙarancin ƙasa ne kawai ya yi aikinsa? Na tambayi Inna, ta ce, "Tambayi ubanka," lokacin kuwa yana kabari. A yawona na yi cigiyar Baffa Habu, a Njamena na zauna da tsofaffin da suka dawo daga gabas, kowa ya san wani Habu, ba wanda ya san namu.

To ka ji abin da ke cikin ɗakin da ba ya cikin lissafi. Da dillali ya tafi, Isufu ya zauna kusa da ni ya ce, "Baba, na san zancen azara. Yanzu akwai dabara, a kafa ginshiƙan ƙarfe da siminti, a cire bangon, ba abin da zai faɗi." Na san gaskiya ya faɗa, na ga ana yi a birane. Amma sai na ji bakina ya ce, "Bangon ba nawa ba ne." Daga madafa Mariama ta tuntsire da dariya ta ce, "Allah ya ji ƙan Baba, ga shi ya dawo." Isufu ya ce, "To wa za a tambaya? Gwaggo Tsahara ta rasu, mai ɗakin kuwa in yana raye ya kusa cin tuwo da cokalin jarirai."

Uwarsa ta fito tana goge hannu a zani. Ta ce, "Isufu, shekarun da ka tafi haƙar zinariya Jado muka daina jin ka, ko waya babu, ƙannenka sun so su zuba buhunan wake a ɗakinka. Ka taɓa tambaya wa ya hana?" Ta ce, "Da ka dawo cikin dare, wace ƙofa ka nufa? Ka yi sallama ka tambayi inda za ka kwana?" Ta koma wurin tukunyarta, ta bar mu da gyaɗa.

Bai sake tada zancen ba. Salonsa ya fitar da shi waje, jikin zaure, da bulo da taga mai gilashi, ya yi kyau, har nakan shiga in zauna a kujerar in ji kamar baƙo. Sai wata ranar kasuwa na dawo na tarar da shi a saman ɗakin Baffa Habu da kafinta, suna buga sabon tol. Na tsaya a ƙasa na ce, "Kai, dillali ya ce wannan ba ya cikin lissafi, kana zuba masa ƙarfe?" Ya ce, "Na gaji da ganinka kan tsani da kwanon yaɓe, gemu fari, mutane na cewa ba ka haifa ba." Na ce, "To yanzu ka sa masa hular ƙarfe, Baffa Habu zai zo ya kasa gane ɗakinsa."

Ya cire ƙusa daga baki, ya leƙo ya ce, "Ƙofar tana nan inda ya bar ta, Baba. Ban taɓa ta ba."